Burodin Alkama da Zuma: Yadda Muke Yin Namu a Gida



 

Da sakatare ya ce mu zo mu yi magana a kan burodi sai da muka yi dariya, domin mu dai 'yan hatsi ne, ba mu taɓa riƙe gidan burodi ba. Shekara kusan 30 ke nan muna sauke masara da gero da wake da alkama daga Dawanau zuwa nan Ikko. Amma ya ce ai labari ya bazu cewa a gidanmu an rage sayen burodi, kuma yara ba su rame ba. To, abin da muka gwada da hannunmu, mu da uwargida, shi za mu faɗa muku, har da inda muka yi ɓarna.

Duk mazaunin Agege ba sai an gaya masa matsayin burodi ba, tunda da sunan unguwar ake kiran wanda ya fi kowane shahara a ƙasar nan. Sana'ar ta daɗe a Ikko. Wani mutumin Jamaika, Amos Shackleford, wanda ya zo a 1913 aikin jirgin ƙasa, shi ne daga baya ya buɗe gidan burodi ya yi suna har ana ce masa sarkin burodi. Mu da muka tashi a gida Arewa, karin kumallonmu koko da ƙosai ne, ko ɗumame. Yaranmu da aka haifa a nan kuwa, in babu burodi da shayi sai su ce ba su karya ba. Ga kuma 'yan'uwanmu masu shayi, waɗanda rabin cinikinsu burodi da ƙwai ne. Saboda haka in burodi ya tashi, kanmu yake faɗowa.

Kuma tashin nasa yana da dalili. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake ci a Nijeriya daga waje ake shigo da ita, da dala ake biya. Muna samari a 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, muka ga yadda burodi ya ƙanƙance ya yi tsada, har aka janye dokar a 1992. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashinta a duniya, a 2023 kuma aka cire tallafin mai, naira ta faɗi. Kowanne daga cikin waɗannan sai da muka ji shi a teburin mai shayi. Alhali muna da tamu alkamar, ta noman rani, wadda ake shukawa da sanyin hunturu wajen Nuwamba zuwa Disamba a Kadawa da Kura da fadamun Hadeja, a girbe wajen Maris ko Afrilu. Da ita iyayenmu ke yin alkaki da finkaso tun kafin a san fulawar kanti.

Abu na biyu shi ne abin da ke cikin burodin. Akwai wani sinadari, bromet, da ake sa wa ƙullu don ya kumbura ya yi kyan gani. An hana amfani da shi a ƙasar nan saboda an danganta shi da ciwon daji da cutar ƙoda, kuma hukumar NAFDAC ta yi yaƙi da shi sosai a zamanin marigayiya Dora Akunyili. Ba ma zargin kowa a nan, akwai masu gidajen burodi masu tsoron Allah. Amma wanda ka kwaɓa da hannunka, ka san abin da ka zuba.

To, ga aikin. Daga alkamar ake farawa. A tsince ta, a rege tsakuwa, a wanke, a shanya ta bushe ƙayau. In da sauran danshi aka kai inji, garin zai dunƙule kuma ba zai daɗe ba. Wajen niƙan nan a kula. Karonmu na farko mun aiki yaro, ashe mai injin bai daɗe da niƙa barkono ba. Burodi ya fito da kyau, amma duk wanda ya gutsura sai ya nemi ruwa. Tun daga ranar, mu da kanmu muke zuwa, mu sa a fara zuba 'yar masara ta wanke injin, sannan a niƙa alkamar sau 2 don ta yi laushi. Kada a tankaɗe dusar a zubar, amfanin yana cikinta. In akwai manyan ɓarɓashi kawai a cire da rariya mai faɗin ido. Kuma a niƙa na mako 2 ko 3 kawai, domin ƙwayar alkama tana da ɗan mai a cikinta, a zafin nan na kudu garin kan yi warin tsufa da wuri.

Na burodi 2 matsakaita, ga abin da muke aunawa. Garin alkama rabin kilo, fulawa rabin kilo. Ruwa mililita 650, wato ledar fiyawata ɗaya da kusan cikin gwangwanin madara. Yis babban cokali 1, gishiri ƙaramin cokali 3, zuma babban cokali 6, bota ko man gyaɗa babban cokali 4. Mai hali ya ƙara madarar gari cokali 4, tana ƙara laushi. Wanda ke da sikeli ya auna garin da shi, don mudu da gwangwani kowa da irin cikawarsa, mu 'yan hatsi mun fi kowa sanin haka.

Wani zai ce, me ya kawo fulawa kuma, tunda alkama muke yabo? Mun gwada zallarta, abin da ya fito da shi ana iya jifan kare. Abin da ke riƙe burodi ya tashi shi ne danƙon da ke fitowa in an murza ƙullu, dusa kuwa tana yanke wannan danƙon kamar reza. Rabi da rabi shi ne daidai ga mai koyo. In hannu ya faɗa, a iya ƙara alkama a rage fulawa a hankali.

Dabarar da ta fi yi mana amfani ita ce jiƙo. A zuba garin alkamar shi kaɗai a roba, a zuba masa ruwan ledar nan, a juya, a rufe a bar shi minti 30. Dusar za ta sha ruwa ta yi laushi, ta rage yankan da take yi. Kafin lokacin ya cika, a ɗumama sauran ruwan, a narka cokali 1 na zumar a ciki, a barbaɗa yis. Ɗumin kamar na ruwan wankan jariri, wanda za a sa yatsa a bar shi ba a ji zafi ba. Yis abu ne mai rai, jama'a, ruwan zafi kashe shi yake yi. In bayan minti 10 ya yi kumfa a sama, yana da rai. In shiru, a zubar a sayo wani, kada a yi asarar gari da zuma a kansa. Yis ɗin da aka buɗe aka bari a shago cikin zafi shi ya fi ba mutane kunya.

Sai a haɗa komai: jiƙon, ruwan yis, sauran zuma, mai, gishiri, a riƙa zuba fulawa ana juyawa. Daga nan sai murza, kuma a nan yawancin mutane ke gajiya. Minti 12 zuwa 15 ne, a kan tebur mai tsabta, ana dannawa da tushen tafin hannu, a ninko, a juya, a sake dannawa. Da farko zai riƙa manne wa hannu, zuciya ta ce a ƙara gari. Kada a biye mata. Ƙarin gari shi ke sa burodi ya bushe ya riƙa marmashewa in an zo yanka. A shafa ɗan mai a hannu a ci gaba. Alamar ya yi, a gutsuri ɗan kaɗan a ja shi a hankali da yatsu; in ya miƙe ya yi siriri har ana ganin haske ta cikinsa kafin ya yage, to ya murzu. Wannan aikin fa ba na mata kaɗai ba ne. Samarin nan da ke zaune bakin titi suna latsa waya, ƙarfinsu ya fi na iyayensu, a kira su.

A shafa mai a roba, a sa ƙullun, a rufe da tsumma mai ɗan danshi. Yis ɗin zai ci zaƙin da ke ciki yana fitar da iska, danƙon ya tare iskar, shi ne kumburin da ake gani. A zafin Ikko, minti 45 zuwa awa 1 ya ninka. Da damina in gari ya yi sanyi, ko lokacin hunturu, yakan ɗan ƙara. A duba ƙullun, kada a dogara da agogo. In an dangwala yatsa ramin ya tsaya bai cike nan take ba, ya isa. Uwargida ta taɓa barin nata ta tafi suna, ta dawo bayan awa 4, ya tashi ya faɗi yana warin tsami. Finkaso aka yi da shi.

A danne shi iskar ta fita, a raba 2. Kowanne a baje shi da hannu ya yi kamar faɗin littafi, a naɗe shi tamau kamar tabarma, a matse bakin da yatsu, a kwantar da shi cikin gwangwanin burodi da aka shafa wa mai, bakin yana ƙasa. In naɗin ya yi sako-sako, rami za a tarar a tsakiya, kuma burodin da za a yanka a sa ƙwai ko kifin gwangwani a tsakani, yara su tafi da shi makaranta, ba ya son rami. A sake rufewa minti 30 zuwa 40, har ya ɗago ya wuce bakin gwangwanin da kamar kaurin yatsa.

Mai obin ya kunna shi tun da wuri ya kai digiri 180, ya gasa minti 35 zuwa 40. Mun san yawancinmu ba mu da shi, mu ma ba mu da shi. Babbar tukunyar biki muke amfani da ita. A zuba yashi mai tsabta a gindinta kaurin yatsa 2, a ɗora duwatsu 3 ko wani ƙarfe don kada gwangwanin ya zauna kan yashin, a rufe a ɗora kan gawayi minti 15 ta ɗau zafi. Sannan a sa burodin, a rufe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfin don sama ma ta gasu. Wutar ƙasa matsakaiciya. Kada a buɗe kafin minti 25, duk buɗewa zafi ne ke gudu. Abu ɗaya game da zuma: tana sa burodi ya yi ja da sauri fiye da sukari. Mutum zai ga baya ya yi kyau ya sauke, ciki kuwa ɗanye. In sama ta yi ja da wuri, a rage garwashin murfi a ba shi lokacinsa. A juye shi daga gwangwani a ƙwanƙwasa gindinsa, in ya yi ƙara kamar ganga ya gasu.

Sai haƙuri. A bar shi awa 1 a inda iska ke ratsa ƙasansa kafin a sa wuƙa. In an yanka da zafi cikin zai cakuɗe, in an ƙulle a leda da zafi zai yi gumi. Zuma tana riƙe danshi, shi ya sa yake kwana 2 ko 3 da laushinsa, amma tunda ba a sa masa maganin hana lalacewa ba, a damshin nan na kudu bayan kwana 3 sai a fara ganin funfuna. A yi daidai ci.

Zumar ita kanta sai an yi da gaske. Ta jabu ta yi yawa, sukari ake dafawa a haɗa. Gwajin ashana da na ɗigawa a ruwa da ake yi a tasha, kada ku dogara da su, masu haɗin sun san su. Kuma zuma ta daskare ta yi tsaki-tsaki ba alamar jabu ba ce, ta gaske ma tana yin haka; a sa kwalbar cikin ruwan ɗumi ta narke. Mu dai wajen wanda muka sani muke saye, mai amya a gida, a sako mana a motar kaya.

Iyayenmu mata, ga magana 2 da muke roƙo ku riƙe. Likitoci sun hana ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta wadda hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna, kuma gashi ba ya kashe ta. Don haka wannan burodin ba na goyo ba ne. Na biyu, masu ciwon suga kada su ji an ce alkama da zuma su saki jiki. Dusar tana da amfani ga ciki, amma zuma zaƙi ce, tana tayar da suga. A tambayi likita gwargwadon da za a ci.

Game da kuɗi kuwa, ba za mu yaudare ku ba. In aka lissafa zuma da gawayi da wahala, ba lalle ne ya fi na kanti araha ba. Inda muka ga riba shi ne yana da nauyi a ciki. Yaron da ke cinye rabin burodin Agege ya ce bai ƙoshi ba, yanka 3 na wannan ya kai shi azahar. Matan da ke son su mayar da shi sana'ar cikin gida, a fara da maƙwabta, guda 4 ko 6, a ga yadda za a karɓa, domin bakin mutanen nan ya saba da mai laushi mai jawuwa. Mun kai wa masu shayi 2 su gwada, ɗaya ya ce masu sayensa sun ce ya yi tauri, ɗayan yana karɓar 3 duk Juma'a. Wadda abin ya karɓe ta har za ta sa a leda da suna ta kai shaguna, sai ta nemi rajistar NAFDAC tukuna.

Mun zo da guda 6 da aka gasa jiya da daddare, suna wajen sakatare, za a yanka a zagaya da su bayan addu'a, a fara da layin mata. Wadda ke son ganin yadda ake murzawa da naɗewa, uwargida ta ce ƙofa a buɗe take ranar Asabar bayan la'asar, kowa ta zo da robarta.