JAWABI GA MASU SHIRIN JARRABAWAR SHIGA KARATUN LIKITA

Jama'a, wannan jawabi ya shafi samari da 'yan mata masu burin zama likitoci, da iyaye da malamai waɗanda ke ɗauke da nauyinsu. Kowace shekara dubban ɗalibai a Nijeriya sukan nemi shiga karatun likita, amma guraben kaɗan ne, domin Majalisar Kula da Aikin Likita, watau MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan waɗanda za ta ɗauka. Wanda ya kasa samun gurbi kuwa sai ya jira shekara guda cur, ya sake biyan kuɗin rajista, domin sakamakon bana ba ya amfani baɗi. Saboda haka ya kamata kowa ya san yadda jarrabawar take, da irin shirin da ya dace da ita.

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya jarrabawar shiga manyan makarantu da ake kira UTME, kuma tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin ta. Mai neman karatun likita zai amsa tambayoyi a fannoni 4: Turanci, da Bayoloji, da Kemistiri, da Fizikis. Tambayoyin Turanci 60 ne, sauran fannonin kuwa 40 kowanne, watau 180 ke nan, a cikin awa 2, maki kuma 400. Bayan wannan, lalle ne ɗalibi ya kasance da kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, a fannonin nan huɗu da kuma Lissafi, jami'o'i da yawa ma ba su karɓa sai in an same su a zama ɗaya. Sa'an nan kowace jami'a takan yi tata tantancewa kafin ta ba da gurbi.

To, ina ne akasarin ɗalibai ke kuskure? Sukan ɗauka cewa yawan maimaita karatu shi ne sani. Ɗalibi zai zauna da littafi a buɗe, ya karanta babi sau uku, ya ja layi ƙarƙashin jimloli, ya tashi yana jin ya iya. Alhali kuwa idonsa ne kawai ya saba da shafin. Ranar jarrabawa ba littafi a gabansa, sai abin da ya iya fitarwa daga kansa. Don haka ma'aunin sani shi ne abin da mutum zai iya faɗa ko rubutawa bayan ya rufe littafi.

Dabara ta farko ke nan: ɗalibi ya riƙa jarraba kansa. Idan ya karanta yadda jini ke zagaya jiki, sai ya rufe littafin, ya ɗauki takarda, ya zana zuciya da ɗakunanta 4, ya nuna yadda jini ke fita daga ɓangaren dama zuwa huhu, ya komo ɓangaren hagu, daga nan ya bazu cikin jiki. Sa'an nan ya buɗe littafi ya gwada. Wurin da ya kuskure, nan ne aikinsa yake. Wannan hanya ta fi karatun zube wahala, amma ita ke kafa ilmi a ƙwaƙwalwa.

Dabara ta biyu ita ce rarraba bita. Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan an koyi abu, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya zaunawa. Abin da ɗalibi ya koya yau, sai ya waiwaye shi gobe, ya sake bayan kwana 3, da bayan mako guda, da bayan wata. Wannan ba ya yiwuwa sai ga wanda ya fara da wuri, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ya nemi manhajar da JAMB ta fitar wa kowane fanni, ya raba batutuwanta cikin jadawali na watanni, yana fara kowace rana da fannin da ya fi ba shi wuya, tun hankalinsa na sabo.

Na uku, kowane fanni da irin karatunsa. Bayoloji na son zane da sanin aikin kowace gaɓa. Kemistiri da Fizikis kuwa sai da alƙalami a hannu, domin wanda ya haddace ƙa'ida bai taɓa warware matsala da ita ba, zai daburce da zarar an juya masa tambayar. Turanci kuma kada a raina shi, tun da shi ya fi yawan tambayoyi. A riƙa karatu kullum, a kuma karanta littafin labarin da hukumar ta zaɓa na wannan shekara tun daga farko har ƙarshe, kada a dogara ga taƙaitawar wani.

Na huɗu, a saba da agogo. Tambaya 180 cikin minti 120 na nufin daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Ɗalibi ya samu tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ya zauna sau ɗaya a mako ya amsa su a kan lokaci, ba tare da leƙen amsa ba. Ya tanadi wani ɗan littafi inda zai rubuta kowane kuskure da dalilinsa: rashin sani ne, ko gaggawa, ko rashin fahimtar tambaya. Tambayar da ta cije, ya tsallake ta, ya komo daga baya. Wanda bai saba da kwamfuta ba, ya nemi inda zai koya tun da wuri, ya kuma shiga jarrabawar gwaji da hukumar kan shirya kafin ta ainihi.

Iyaye ma suna da nasu rabo. Su rage wa ɗalibi aike da aikin gida a lokacin karatunsa, su sama masa fitila da wuri mai shiru, su kuma hana shi kwana zaune, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Su guji masu alkawarin sayar da tambayoyi ko ƙara maki, gama 'yan damfara ne, dokar 1999 kan satar jarrabawa kuma ta tanadi tara ko ɗauri ga wanda aka kama.

A ƙarshe, a tuna cewa wannan jarrabawa ƙofa ce kawai. A bayanta akwai shekara 6 na karatu, da shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Ɗabi'ar da ɗalibi ya koya yanzu, ta gwada kansa da gaskiya da gyara kuskurensa, ita ce za ta raka shi har ranar da za a kawo masa majinyaci cikin dare, ba littafi a hannunsa, sai abin da ya sani.