Bututu Ɗaya Ko Hayaƙi Dubu?



Da aka ce mu yi magana a wannan zama na Unguwar Kanawa, sai muka zaɓi wani abu da ba mu da irinsa a ƙasarmu, watau dogon bututun hayaƙi na tashar ɗumama gari. Wani zai ce ina ruwanmu, mu da zafin rana ke gasawa? A ba mu ɗan lokaci.

A ƙasashen sanyi akan gina tasha guda mai manyan tukwanen tururi, a dafa ruwa, a tura shi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa gidaje dubbai, ya ɗumama ɗakuna, ya dawo a sake dafawa. Wuta ɗaya ce, saboda haka hayaƙin ma ta bututu ɗaya yake fita. Tsawon bututun yana da amfani biyu. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, don haka takan yi sama da ƙarfi tana jawo sabuwar iska cikin wutar. Sannan hayaƙin yakan fita can nesa da hancin mutane.

Misalin da ya fi kama da namu yana Landan. Tashar lantarki ta Battersea, mai bututu huɗu, tana kudancin kogin Thames. A 1950 aka fara tura zafin da take zubarwa a banza ta ƙarƙashin kogin zuwa gidajen unguwar Pimlico da ke arewa. Tashar ta daina aiki a 1983, amma mutanen Pimlico ba su koma kowa da murhunsa ba, an kafa musu wasu tukwanen aka ci gaba. Landan ta san kuɗin hayaƙin da ke fita daga kowane gida: hazon hayaƙin gawayin kwal na Disambar 1952 ya kashe aƙalla mutum 4,000, shi ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956.

Kada dai mu yabi bututu fiye da kima. Tsawo ba ya kashe guba, kai ta yake yi gidan wani. A can baya, Norway da Sweden sun daɗe suna kuka cewa hayaƙin Ingila yana sauka a tafkunansu cikin ruwan sama yana kashe kifi. Amfanin bututu ɗaya shi ne ana iya auna abin da ke fita daga gare shi, a sa masa matata, a kuma san wanda za a tuhuma.

To mu dawo gida. Mu ma muna da kogi tsakaninmu da masana'antu. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya, kowace da tukwanen tururinta masu shan baƙin mai. An rufe ta a 2002. Bututun Kakuri sun yi sanyi, amma iskar Kaduna ba ta huta ba, hayaƙin ne kawai ya sauko ƙasa. Ku zaga unguwar nan da magariba in an ɗauke wuta. Mai walda da janaretansa, mai injin niƙa da nasa, mai aski da nasa, ga murhun itace a tsakar gida, duka daidai tsawon yaron da aka aika sayen ƙosai. In hazon hunturu ya danne shi, sai tari ya cika gidaje. Sau nawa muka ji iyali sun kwana da janareta a zaure, gari ya waye babu wanda ya tashi?

Ba mu ce a ɗumama Kaduna ba. Sai dai yawancinku gobe ku ne za ku riƙe fayil a ma'aikatar ayyuka ko ta muhalli. Duk ranar da aka kawo muku takardar farfaɗo da masaƙa ko gina tashar lantarki, ku tambaya: zafin da ya rage ina za shi? Da shi ana rini, ana busar da hatsi da tumatir, ana wankin asibiti, har injin sanyaya ɗakin ajiya akwai mai aiki da shi. Ku kuma tambaya ko masu walda da masu niƙa na layi guda za su iya shan wuta daga inji ɗaya mai bututu sama da rufin kwano, da kuma wanda zai riƙa zuwa yana auna hayaƙinsa.