Kumburin Ƙuna: Maganin da Za a Sha da Wanda Za a Guje Wa

Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa mazauna nan Ingila da waɗanda ke gida, ina gaishe ku.

Duk lokacin hunturu sai an kira ni daga gida a ce: "Likita, yaro ya ƙone, hannun ya kumbura, wane magani za mu sayo a kemis?" A kan wannan tambaya zan yi magana yau.

Idan fata ta ƙone, ƙananan hanyoyin jini na wurin sukan yi yoyo, ruwan jiki ya tsiyaye cikin nama. Shi ne kumburin da muke gani, kuma yakan ci gaba da ƙaruwa har kwana 2. In ƙunar babba ce, mutum zai kumbura ta waje alhali ruwan da ke cikin jijiyoyinsa ya ragu. Shi ya sa a asibiti ƙarin ruwa muke yi masa.

Don haka kada a ba wanda ya ƙone maganin sa fitsari irin su Lasix wai don kumburi ya sace. Zai ƙara ƙafar da jikinsa, ƙoda ta samu matsala. Haka kuma dexamethasone da prednisolone: suna raunana garkuwar jiki, su jinkirta warkewar ciwo.

To, me za a yi? A sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba har minti 20, ban da ƙanƙara. A cire zobe, awarwaro da agogo kafin wurin ya kumbura. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a ɗora hannun ko ƙafar a kan matashi. Kada a shafa man goge baki, ɗanyen ƙwai ko manja. Don zafi, a sha farasitamol. Ibuprofen na rage zafi da kumburi a ƙaramar ƙuna, amma ban da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu.

A garzaya asibiti in ƙunar ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta taɓa fuska, hannu ko al'aura, ko ta zagaye gaɓa, ko jariri ne. Wanda ya shaƙi hayaƙi muryarsa ta dushe, maƙogwaronsa na iya toshewa. A nan a kira 999, a gida a nemi mota nan take.

Roƙona gare mu da ke waje: in an kira mu, kuɗin zuwa asibiti za mu tura, kada mu faɗi sunan magani ta waya.

Allah ya tsare mu da iyalanmu.