Jawabi a Kan Kuɗin Magani da Rabonsa Tsakanin Birni da Ƙauye

Wannan jawabi an shirya shi ne domin a bayyana inda kuɗin magani yake fitowa a Nijeriya, da dalilin da ya sa talakan ƙauye ya fi kowa ɗaukar nauyinsa.

Kuɗin da ake kashewa wajen kiwon lafiya, mafi yawansa daga taska uku yake fitowa, watau baitulmalin gwamnati, da asusun inshora wanda mutane ke zuba wa kuɗi tun suna da lafiya, da kuma aljihun majiyyaci. A cikin Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawari kowace ƙasa za ta ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinta. A yawancin shekarun da suka biyo baya Gwamnatin Tarayya ko rabin wannan ba ta kai ba. Saboda haka nauyi ya koma kan taska ta uku, har ya zama fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani mutane ne ke biya da kansu ranar da ciwo ya zo.

To, a nan bambanci yake. Ma'aikaci a birni yana da albashi, asibiti kuma yana kusa da shi. Manomi kuwa, kafin ya ga likita sai ya biya kuɗin mota, ya ciyar da mai jinya, ya bar gona babu mai noma. Zazzaɓin cizon sauro kuma ya fi tsanani da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hanyoyi suka lalace. Sai maigida ya sayar da akuya a wulaƙance, ko ya ci bashin da zai biya da kaka, ko kuwa ya jinkirta, har ciwon da ƙwaya kaɗan za ta kashe ya koma na kwanciya da ƙarin jini.

Rabon aiki ma yana ƙara wannan bambanci. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Ibadan wanda aka buɗe a 1957, yawancinsu suna hannun Gwamnatin Tarayya, asibitocin gari suna hannun jihohi, amma ɗakin shan magani na ƙauye, wanda shi ne talaka ke fara zuwa, an bar wa ƙaramar hukuma, mai ƙaramin baitulmali. Alhali kuwa kuɗi ya fi yin auki a can, gama abin da za a kashe wa majiyyaci ɗaya a babban asibiti ya isa a yi wa yara masu yawa rigakafi. Misali, tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba ƙananan yara na ƙasashen Sahel maganin hana zazzaɓi wata-wata cikin damina.

An yi dokoki domin gyara. Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa asusu wanda za a zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, domin magani na farko, aka fara sa masa kuɗi a kasafin 2018. Dokar 2022 kuma ta mai da inshorar lafiya tilas, ta yi tanadi domin marasa ƙarfi. Hikimar abin ita ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: idan masu lafiya da yawa suka zuba kaɗan-kaɗan, wanda ya kwanta ba zai sayar da gonarsa ba.

Amma fa doka ba ta kai kanta ƙauye. Hakimi shi ya san ƙasarsa. Ya kamata ya sa malaminsa ya rubuta ɗakunan shan magani da ke gundumarsa, da wanda ke da ungozoma, da wanda magani ya yanke masa, ya kai wa hukuma a rubuce. Ya kuma umarci dagatai da masu unguwa su lura kada a tsallake gwauraye da marayu da tsofaffi ranar da aka zo rubuta marasa ƙarfi.

Allah ya ja zamanin sarakuna, ya ba talakawa lafiya da wadata, amin.