Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ma'aikatan Lafiya Masu Haɗa Marar Lafiya da Likita ta Waya, a Shinkafi

 

Wakilin Mai Martaba Sarkin Shinkafi, Allah ya ja zamanin Sarki, shugaban wannan taro, hakimai da dagatai, malamanmu masu girma, likitoci da shugabannin sashen lafiya na ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda, iyayenmu mata, sai ku 'ya'yana, waɗanda dominku aka taru yau. 

An nemi in yi magana a kan aikin da kuka koya, wato haɗa marar lafiyar da ke ƙauye da likitan da ke birni ta hanyar waya. Na amsa da farin ciki, domin a shekarun da na yi ina aikin asibiti a ƙasar nan, babu abin da ya fi hana ni barci kamar hanya.

Duk malamin asibitin da ya taɓa rubuta takardar tura marar lafiya daga nan zuwa Gusau ya san nauyin alƙalamin nan. Tafiya ce ta fiye da kilomita 100, a bi ta Moriki, a ratsa Ƙaura, kafin a ga ƙofar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. In kuwa Sakkwato ce, sai an bi ta Isa. Kowa a nan ya san abin da ke kan hanyoyin nan tun da 'yan bindiga suka addabe mu. Ga kuɗin mota, ga na abinci, ga na mai jinya, kuma sau da yawa sai an kai akuya kasuwar Alhamis kafin a tashi.

Har yau ina tuna wani magidanci da ya kawo mini 'yarsa, jikinta ya kumbura, numfashinta na sama-sama. Abin ya fi ƙarfin sanina, na rubuta masa takarda. Ya karɓa da hannu biyu, ya ninke ta, ya sa cikin hularsa, ya yi mini godiya. Daga idonsa na gane gida zai koma. Bayan kwana uku aka zo mini da labarin rasuwarta. Shekaru sun wuce, amma tambaya ɗaya ba ta bar ni ba: da a ranar ina da likitan yara da zan nuna wa yarinyar nan, ko da na minti biyar, shin da akwai abin da za mu iya yi mata a nan inda take?

Wannan tambaya ita ce aka ba ku makamin amsa ta. Babban amfanin wayar da ke hannunku shi ne a tantance wanda dole ya hau hanya da wanda za a iya yi wa magani a gida. In an kawo muku yaro daga Badarawa ko Jangeru ko Galadi yana tari, ku ne za ku ƙirga numfashinsa na minti guda cur. Kun san wanda bai kai shekara ba, in dai ya cika wata biyu, numfashi 50 a minti alamar ciwon huhu ce. Daga shekara ɗaya zuwa biyar kuwa 40. Ku ne za ku ɗaura masa ma'aunin damtse ku ga ko ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5. Ku ne za ku danna bayan ƙafarsa ku ga ko yatsa ya bar rami. Likitan da ke Gusau ba zai taɓa yaron nan ba. Abin da kuka gaya masa, shi ne kaɗai abin da ya sani. In kun auna daidai, shawararsa za ta zo daidai. In kuka yi kintace saboda gajiya ko yawan layi, zai ɗora ilminsa duka a kan kuskurenku, kuma yaron ne zai biya.

Aikin kuwa yana da yawa. A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya sun auna yara fiye da 97,000 'yan ƙasa da shekara biyar a yankunan Shinkafi da Zurmi. Kashi 27 cikin 100 an same su da tamowa. Cikin kowane yara huɗu da kuka gani suna wasa a ƙofar gida, ɗaya ke nan. Yaro mai tamowa kuwa kowace cuta tana samunsa a buɗe: ƙyanda, gudawa, zazzaɓin cizon sauro, har da cutar noma, wadda ke farawa da ɗan gyambo a dasashi ta ƙare da cinye kunci da leɓe. Sakkwato na da asibiti sukutum domin wannan cuta, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Amma a kwanakin farko, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Hoto guda mai haske na cikin bakin yaro, in ya isa ga idon da ya san ta da wuri, yana iya ceton fuskar da sai an yi tiyata sau da yawa kafin a gyara.

Ku tuna kuma da sanƙarau. Annobar da ta kama fiye da mutum 14,000 a Najeriya a 2017, ta kashe fiye da 1,100, a ƙasar Zurmi ta fara, a ƙarshen 2016. Sai a watan Fabrairu labari ya isa hukumar yaƙi da cututtuka a Abuja. Makonnin nan da aka rasa, rayuka ne. Yau in kun ga mutum biyu ko uku daga unguwa ɗaya da zazzaɓi da sandarewar wuya, kafin la'asar ya kamata jami'in sa ido na ƙaramar hukuma ya sani.

Ba mu ne muka fara wannan hanya ba. Tun 2001 likitocin Mali da na asibitin jami'ar Janeba suka kafa tsarin tuntuɓar juna daga nesa, wanda daga baya ya kai Nijar da wasu ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ita ma MSF tun 2010 take da nata: ma'aikaci ya rubuta bayani, ya haɗa da hoto, ya tura, ƙwararre ya amsa in saƙon ya same shi. Ina so ku riƙe wannan salon da kyau, domin shi ya dace da mu. Kiran bidiyo yana son sabis mai ƙarfi, yana cin data, yana yankewa a tsakiyar magana. Rubutaccen saƙo kuwa yana jira a waya har sanda sabis ya leƙo, ya wuce.

Najeriya ma ta gwada tata. A 2007 aka harba tauraron ɗan'adam na NigComSat-1 daga ƙasar Sin, aka ɗora masa gwajin duba marasa lafiya daga nesa, har da asibitocin koyarwa na Ibadan da Maiduguri a ciki. A Nuwamban 2008 tauraron ya mutu, saboda farantansa na hasken rana sun daina ba shi wuta. Ina kawo wannan ne domin shugabanninmu su ji: abin da ya kashe tauraro a sararin sama shi ne ke kashe waya a ɗakin shan magani na Kurya. Rashin wuta.

Akwai kuma abin da mu mutanen Zamfara muka ɗanɗana wanda wasu ba su sani ba. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan waya a jihar nan baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, mu kuwa sai da muka ƙara jiran makonni. Mun koma rubuta wasiƙa muna ba direbobi. Ba na fatan hakan ya sake faruwa, amma wanda ya taɓa gani ba zai gina aikinsa duka a kan layi ba. Ko babu umarnin gwamnati, akwai garuruwan da turakun sabis ɗinsu suka daina aiki domin ba mai iya kai musu mai. Saboda haka, 'ya'yana, kowace shawara da likita ya ba ku, ku rubuta ta a littafi: me kuka gani, me ya ce, me ya biyo baya. Ku riƙa bitarsa. Ranar da waya ta yi shiru, mai ciki ta zo da ciwon kai da kumburin ƙafa, awon jininta ya haura 140 bisa 90, abin da kuka koya daga kiran da ya gabata shi zai tsaya muku kafin jijjiga ta kama ta.

Sai maganar amana, kuma a nan ina so ku saurare ni da kunnen basira. Jikin marar lafiya al'aura ce, ciwonsa sirri ne. Kada ku ɗauki hoton kowa sai kun gaya masa dalili da wanda zai gani, ya yarda. In mace ce, mace ta ɗauka, a rufe fuska da duk inda ba a bukata. Hoton nan ba na nuna wa aboki ba ne, ba na zauren WhatsApp ba ne, ba kuma na barin wa ƙane ya yi wasa da wayar ba ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana, addini ya riga ta hanawa. Ranar da hoton matar wani ya fita a garin nan, babu maigidan da zai sake barin iyalinsa su zauna gaban wayarku, kuma laifin mutum ɗaya zai rufe ƙofa ga dukanku.

Ranka ya daɗe wakilin Sarki, shugabannin ƙananan hukumomi, yanzu gare ku na juyo. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, kuma gaskiya suka faɗa. Waya ba ta ƙarin jini, ba ta fiɗa, ba ta fito da jaririn da ya zo a gicciye. In likita ya ce a yi allura, aka buɗe kabad babu komai, kiran ya zama ƙarin baƙin ciki, domin yanzu an san maganin kuma ba a da shi. Muna roƙon sola da batir a kowane ɗakin shan magani da za a tura waɗannan ma'aikata. Muna roƙon kuɗin data ya shiga kasafi, kada ya fito daga albashinsu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. A bi sawun rabonmu har ya iso. Muna roƙon motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a ciki, domin wanda aka ce lallai ya tafi ya samu tafiya. Sannan likitan da ke ɗaya ɓangaren, shi ma mutum ne mai layin marasa lafiya a gabansa. A tsara masa lokacin amsa kira, a biya shi haƙƙinsa, domin aikin da aka bari a kan alfarma ba ya daɗewa.

Ku kuma likitocinmu, in ɗaya daga cikin 'yan matan da aka yaye yau ta kira ku da tsakar dare daga Kware ko Dauran, ku tuna ita kaɗai ce a ɗakin, da fitilar hannu da uwa tana kuka. Ku amsa mata da haƙuri, da harshen da za ta fahimta. In ta yi kuskure ku gyara mata ba tare da tsawa ba, domin wadda aka kunyata yau ba za ta kira gobe ba.

Iyayenmu mata da ungozomomi, waɗannan 'ya'yanku ne, kun san gidajensu. Ku kawo musu yara tun ciwo yana ƙarami, ku turo masu ciki awo tun kafin naƙuda.

Allah ya tsare ku a hanyoyin da za ku bi, ya sa albarka a hannuwanku, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zamfara. Da izinin shugaban taro, ina kiran waɗanda aka yaye su taso ɗaya bayan ɗaya, su karɓi takardun shaidarsu daga hannun wakilin Mai Martaba.