Abin Da Ke Cikin Jikin Itace

Jama'a, yau za mu yi magana a kan jikin tsiro. Mutum yana da fata da tsoka da jijiyoyin jini. To, haka Allah ya yi tsiro. Naman jikinsa iri 4 ne, kowane da aikinsa.

Na 1, mai girma. Yana kan toho da bakin saiwa, shi ke ƙara wa tsiro tsawo. Shi ya sa in tsutsa ta ci zuciyar dawa tun tana ƙarama, karan nan ba zai fid da kai ba.

Na 2, fata. Ita ke hana tsiro bushewa. Fatar ganye tana da 'yan ƙofofi, ba a ganinsu sai da madubin likita. Ta nan iska ke shiga, ta nan ruwa ke fita.

Na 3, tsoka. A cikin tsokar ganye a ke yin abinci da ruwa da iska da hasken rana. Tsoka kuma ita ce rumbu. Zaƙin rake da garin rogo a nan a ke ajiye su.

Na 4, hanyoyi, su kuwa biyu ne. Ta ruwa tana cikin itacen, tana kai ruwa daga saiwa zuwa ganye. Ku yanko alayyafo, ku tsoma gindinsa cikin ruwan jar galura, ya kwana. Da safe ku yanka karan, za ku ga ɗigo-ɗigo ja. Hanyar ruwa ke nan. Ta abinci kuwa tana cikin ɓawo, tana kai abinci daga ganye zuwa saiwa.

To, ku lura da kyau. In mun sassaƙe ɓawon maɗaci ko ɗorawa har muka kewaye gindin, mun datse hanyar abinci. Ganye zai zauna kore, don ruwa yana hawa. Mu ce ai lafiya lau. Ashe saiwa tana can tana fama da yunwa. In ta mutu, itacen duka ya bi ta. Kuka tana mai da ɓawonta, amma yawancin itatuwa ba su iyawa.

Saboda haka in za mu ɗebi sassaƙe don magani, mu ɗiba kaɗan a gefe guda. Kada mu ɗaure akuya inda za ta gwagwiyi ɓawon ƙaramin mangwaro. Mu gaya wa yara su ma. Itacen da ya yi shekara 30 yana girma, wuƙa tana iya yanke masa rai cikin yini guda.