Ilimin Ƙungiya Amana Ne: Jawabi a Taron Shekara-Shekara

 

Mu da muka yi aikin koyarwa, ranar da aka danƙa mana makaranta, tare da makullin ofis ake miƙo mana rajistar ɗaukar ɗalibai da littafin da ake rubuta duk abin da ya faru a makaranta. Da su sabon hedimasta yake sanin inda na baya ya tsaya.

To, ƙungiyarmu fa? Kowa ya tuna rijiyar burtsatsen da muka haƙa da kuɗin karo-karo. Da injinta ya lalace, aka nemi takardar da ke nuna zurfinta da irin injin da aka saka, aka rasa, domin tana hannun sakataren da aiki ya ɗauke zuwa wani gari. Sai da muka sake biyan ma'aikata suka auna abin da tuni aka auna. Laifin ba na mutum ɗaya ba ne, namu ne duka, tun da mun bar sanin ƙungiya a kawunan mutane, mutum kuwa yakan tashi, yakan manta, yakan rasu.

Magabata sun gane haka. Shi ya sa a 1970 aka mayar da gidan Sardauna da ke Kaduna cibiyar adana tarihi. Haka kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa ƙungiyoyi masu rajista miƙa rahoto duk shekara ga Hukumar Rajistar Kamfanoni. Wanda bai ajiye lissafi ba, me zai miƙa?

Shawararmu uku ce. Na farko, kowane shugaba ya rubuta bayanin miƙa mulki kafin ya sauka: ayyukan da aka gama, waɗanda suka rage, da basussuka. Na biyu, rassanmu na birane su riƙa aiko da bayanan taronsu ga sakatare, a ajiye takardun filaye da rasit a ofis, a kuma ɗauki hotonsu a kwamfuta. Saƙon WhatsApp yakan tafi da wayar da ta ɓace. Na uku, matasa su zauna da dattawan da suka kafa ƙungiyar nan, su rubuta abin da suka sani tun suna raye.

Rashin sani ya fi dare duhu. Allah Ya ba mu ikon riƙe wannan amana, Ya mayar da kowa gida lafiya.